Ramin da Ubanki Ya Gyara wa Maƙwaƙƙwafi

To zauna mana, kin tsaya mini a ka kamar an dasa ki. Ke kika ce in ba ki labarin kakanki, kuma zan ba ki. Amma kada in fara ki ce mini, "Kaka, ki daina zagin Babana." Ubanki ni na haife shi. In na ga dama in zage shi tun daga safe har rana ta faɗi, ba ruwan kowa.

Kakanki kafinta ne. Ƙofa da taga yake yi, sai ɗan teburi in an matsa masa. Shagonsa shi ne nan bakin titi inda ubanki yake yanzu, amma a lokacin babu wannan kururuwar injinan, daga zarto sai guduma sai gizago. Sunan da mutane suka laƙaba masa shi ne Bari-Ya-Bushe. Kina dariya? Ai ba a banza ya samo shi ba. Mutum zai zo a guje, ya ce ya gama gini, ƙofa kawai yake jira ya shiga gidansa. Kakanki ya ɗauki katakon, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kara a kunne kamar mai neman tasha a rediyo, sannan ya ajiye ya ce, "Bari ya bushe." Mutum ya yi ta zarya har takalminsa ya cinye. Wasu su yi fushi su tafi wani wuri, bayan damina ɗaya su dawo da kunya, ƙofarsu ta karkace ta ƙi rufuwa.

Ni kaina na sha fama da shi. Kantar nan ta kicin da nake jera tukwane, ina da cikin ubanki na roƙe shi ya yi mini. Sai da ubanki ya fara rarrafe aka kafa ta. Amma je ki girgiza ta yanzu ki gani, in ta motsa ki dawo ki ƙaryata ni.

Ubanki da baffanki Auta a hannunsa suka koyi aiki, sai dai ba halinsa suka ɗauko ba. Nawa suka ɗauko, ban musa ba, ni ce mai rawar jiki. Su biyun nan ba sa iya ganin aiki a tsakiya su wuce. Su je gaisuwa gidan mutane, su ga ƙusa ta leƙo a jikin benci, sai sun nemi dutse sun buga ta kafin su zauna. Da suka girma suka cika shagon da injina, abin da ubansu zai yi a wata su gama shi kafin azahar. Shi dai kallonsu yake, bai taɓa ce musu uffan ba. Wannan shirun nasa shi ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

To, ran nan kakanki yana shago, zarto ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, shi ma ya bi zarton. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama, ƙafar dama, baki ya karkace, magana sai ka kasa kunne sosai. Da aka sallamo mu daga asibiti likita ya ja ni gefe, ya ce, "Mama, ƙafar nan ba ta mutu ba, barci take. In ya riƙa takawa za ta farka. In ya kwanta kuwa, ta tafi ke nan, ba mai dawo da ita."

Shi kuwa ya zo ya kwanta. A gadon can na ɗakin ciki, ya juya fuska bango. Duk lokacin sanyin nan haka muka yi shi. Na lallashe shi, na yi masa faɗa, na yi kuka. Har abincinsa na taɓa ajiyewa a bakin ƙofa, na ce in yana so ya taso ya ɗauka. Wallahi mutumin nan ya wuni da yunwa, ni ce na gaji na kai masa. Na ce, "Malam, so kake ka ruɓe a kan katifa?"  Ƙafar ina ganinta tana sirancewa kamar muciya, ina shafa mata mai ina zagin ta a zuci.

Sai sanyi ya wuce, bazara ta shigo, bishiyar nan ta bayan ɗaki ta fara fitar da sabon toho. Kin san ta, amma a lokacin tana da wani babban reshe da ya bushe, ya karkata ta wajen katanga. Wata safiya ina shara na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, a tsaya, a sake. Na ɗauka maƙwabta ne ke kafa wani abu. Sai na ji murya daga ɗaki, a karkace amma sarai:

"Wa ke aiki?"

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Mutumin da ya yi watanni daga "ruwa" sai "bari". Na ruga baya na ɗaga kai. Wani ɗan tsuntsu ne, bai fi tafin hannunki ba, kansa ja, bayansa dabbare-dabbare, ya manne a jikin busasshen reshen ya tokare da wutsiya, yana ta dukan itace da baki kamar an aiko shi.

Na dawo na ce, "Maƙwaƙƙwafi ne, Malam."

Ya ce, "Buɗe taga."

Na buɗe. Amma kusurwar bango ta kare reshen, ba a hango shi daga gado. Ya yi ta miƙa wuya. Na ce, "Ai sai dai ka fito. Ni ba zan iya kamo maka shi ba, kuma bishiya ba za ta shigo ɗaki ba." Ya harare ni da idon nan mai lafiya. Washegari da ƙarar ta sake tashi, ya ce, "Miƙo sanda."

Ranar farko iyakarsa bakin ƙofa, yana rataye a kafaɗata, gumi kamar an watsa masa ruwa. Bayan 'yan kwanaki ya kai tsakar gida. Na ajiye masa kujera inda zai hango reshen da kyau, daga nan kullum gari ya waye, ba sai na ce komai ba, tsuntsu na fara bugu zai fara laluben sanda.

Ke, in kin ga yadda yake kallon abin nan. Kamar ya sami abokin sana'a da suka daɗe ba su haɗu ba. Shi ya nuna mini duk abin da na sani. Ya ce in duba, tsuntsun bai fara a wuri ɗaya ba, sai da ya bi reshen yana ƙwanƙwasawa nan da can, ya tsaya ya karkata kai yana saurare. Ya fara wani wuri, ya ɗan sassaƙa, ya bar shi. Ya sake wani, ya bar shi. Kakanki ya ce, "Laushi yake nema. Waje tauri, ciki laushi." Daga ƙarshe ya zaɓi ta ƙasan reshen, inda ya karkata. Kakanki ya buga sanda a ƙasa don murna. "Kin gani? Ruwa ba zai shiga ba. Ya san aiki."

Ashe su biyu ne. Macen ba ta da jan kai sosai. Namijin zai yi ta fama tun safe, sai ta zo ta sauka kusa da shi, ya matsa, ta leƙa ramin, ta ɗan buga kaɗan, ta sake leƙawa, ta tashi abinta. Kakanki ya nuna ta da haɓa ya ce, "Ga ki nan."

Na ce, "Ni? Allah ya sawwaƙe."

Ya ce, "Duba aiki. Raina aiki. Tafi."

Na ce, "In da irin mijina ne da ita, ai sai ta saka ƙwanta a ƙasa kafin a gama ɗakin." Ya yi dariya har miyau ya zubo masa, ya ɗaga hannu zai goge. 'Yar nan, hannun dama ya ɗaga. Bai ma lura ba. Ni na lura, na shige kicin na toshe baki da zane.

Bakin ramin da suka yi zagaye ne cif, kamar an ɗora kofi an zana, kuma ɗan ƙarami, daidai jikinsu. Da farko kai kawai ke shiga. Sannan kafaɗa. Sannan aka wayi gari sai wutsiya kawai muke gani tana rawa a waje. Daga baya tsuntsun ya shige gaba ɗaya, ƙarar ta koma can ciki, dum-dum, kamar ana buga ƙofar wani gida mai nisa. Kakanki ya ce yanzu ya juya ƙasa, yana haƙa kamar rijiya. Can sai ka ga ɗan jan kan nan ya leƙo, baki cike da sassaƙe, ya duba hagu ya duba dama, ya girgiza kai ya watsar. Ya koma. Ya sake leƙowa ya watsar. Gindin bishiya ya yi fari fat. Kakanki ya hana ni sharewa. Da farko ni nake tsinto masa, yana murzawa da yatsun nan da suka ƙi aiki, yana shinshinawa. Daga baya shi da kansa yake takawa har gindin bishiyar, ya dafa ta, ya sunkuya ya ɗebo. Da ƙafarsa. Ban riƙe shi ba.

Ana cikin haka ubanki ya zo da labari, yana washe baki. Wai ya samo wa ubansa gado a babban asibiti, wajen masu gashin ƙashi, za a riƙe shi a can a yi ta motsa masa jiki da na'ura. An sa rana, ta kusa. Ya durƙusa gaban kujerar ya ce, "Baba, sai a fara shiri."

Kakanki idonsa na sama ya ce, "Sai sun gama."

"Su wa, Baba?"

Ya nuna reshen.

Ubanki ya kalle ni, ya kalli Auta, ya yi 'yar dariya. "Baba, tsuntsu fa? Yaushe za su gama?"

"In sun gama."

Na ce, "Kai, ka bar shi. Ba ka ga yana takawa ba? Na'urar me ta fi wannan? A ɗaga ranar mana."

Ya ce, "Inna, ke ba ki san wahalar da na sha kafin a ba mu gadon nan ba. In ya wuce mu ya wuce."

Na ce, "To ya wuce ɗin. Gado ai muna da shi a gida, shi ne ma ya kusa kashe shi."

Auta yana gefe ya sa hannu a ƙugu yana kallon reshen, irin kallon da suke yi wa ƙofar da aka kawo gyara. Ya ce, "Yaya, wai tun yaushe suke ramin nan? Abin da ba zai ci mini ko lokacin shan shayi ba."

Na ce, "Rufe mini baki, sarkin gaggawa." Na ɗauka wasa yake.

Kwana kaɗan bayan haka ranar awon jini ta zo, na ɗauki kakanki a motar haya muka tafi ƙaramin asibitin unguwa. Da ƙyar ya yarda, sai da na ce masa yanzu-yanzu za mu dawo. Layi ya riƙe mu har rana ta take. Muna shigowa gida hancina ya fara gaya mini. Warin man nan mai sheƙi da suke shafa wa ƙofa. Na ce a raina, me ya kawo warin shago cikin gidana?

Muka zagaya baya. Ga tsani a jingine da bishiya. Ga waya an jawo tun daga ɗakina, injin huji a ƙasa. Ga ubanki da Auta a tsaye, kai duk garin katako, suna murmushi kamar waɗanda suka ciwo kyauta.

Ubanki ya ce, "Baba, an gama!"

Na ɗaga kai. Wayyo Allah. Ramin nan ɗan cif, sun buɗe shi, hannun ƙato zai shiga har gwiwa. Sun zurfafa cikin da inji. Sun goge bakin da samfefa, sun shafe shi da mai yana ta ƙyalli a rana. Sun kafa guntun kwano a sama, wai rumfa saboda ruwa. Sun buga wata 'yar sanda a ƙasa, wai wurin sauka. Auta har da cewa, "Inna, na sa musu soso a ciki, irin na kujera mai kyau, ba ragowa ba."

Soso! Ke kin taɓa jin tsuntsun da ya kwana a kan soso? Ƙattin banza, masu gemu, masu 'ya'ya, suka rufe shago suka zo suka yi wa tsuntsu aikin kafinta!

Ban san sanda na cire takalmi ba. Na ce, "Wa ya aike ku? Wa ya sa ku? Shi ya ce muku ya gaji? Ya zo shago ya ba ku aiki?"

Ubanki yana ja da baya yana cewa, "Inna, taimakonsu muka yi. Yanzu sai su shiga kawai su yi ƙwai, Baba ya gani, hankalinsa ya kwanta, mu tafi asibiti."

Na ce, "Taimakon uwarka!" Na manta ni ce uwar. Takalmin ya sami Auta a kunne, shi da ya fi kusa.

Kakanki kuwa ya dogara sandarsa. Ya taka a hankali har kujerarsa ya zauna, ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya ce, "Wa ya yi bakin?"

Ubanki ya ce, "Ni ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ya yi santsi."

Shi ke nan. Ya yi santsi! Ni ina nan ina tafasa, shi yana yaba musu gugar samfefa. Da ya ɗaga sandar nan ya kwaɗa wa ɗayansu, wallahi da na ji sanyi, kuma da hannun ya ƙara motsi.

Da yamma namijin tsuntsun ya dawo. Ya sauka can sama, ba inda ya saba ba. Ya gangaro da baya-baya yana leƙe. Ya zo daidai kwanon ya tsaya. Ya kai kai bakin ramin, ya janye da sauri kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya zagaya bayan reshen, ya sake leƙowa. Ya yi wani kuka mai kaifi, macen ta amsa daga bishiyar maƙwabta, ita ko zuwa ba ta yi ba. Sai ya tashi. Washegari ya sake zuwa, ya ɗan ƙwanƙwasa can gefe kamar mai tambaya, ya tafi. Daga nan ban sake ganinsa ba.

Na sa Auta ya hau ya ciro sosonsa da kwanonsa da sandarsa, ina tsaye a ƙasa ina masa wankin babban bargo. Amma ramin da aka buɗe ai ba ya komawa. Kakanki ya ce, "Ƙofa ta yi faɗi. Kowa zai shiga." Kuma haka aka yi, ba a jima ba ƙadangare ya tare a ciki.

Kakanki ya ci gaba da fitowa na ɗan lokaci. Ya zauna tun safe, gida shiru, sai ƙarar motoci daga titi. Ba ya zuwa gindin bishiya, ba abin ɗiba. Ran nan ya ce mini, "Shigar da kujera." Da ubanki ya zo, ya ce masa, "Kai ni."

Aka kai shi. Ubanki har yana ce mini, "Kin gani, Inna? Ya yarda." Na ce masa ya ɓace mini da gani. A can asibitin na zauna da shi. Suna ɗaga masa ƙafa suna saukewa, suna ɗaura shi a jikin na'ura, ya bar musu jikin kamar buhu. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, kai ma ka taimaka mana, tura ƙafar." Ya ce, "To." Bai tura ba. Mutumin da ya shiga asibitin da sanda, a keken guragu muka dawo da shi. Ya koma gadonsa, ya koma bangonsa.

Sai a sannan idon ubanki ya buɗe. Ya zo ya same ni a kicin, ya tsuguna, ya ce, "Inna, me za mu yi?" Na ce, "Ku da kuka iya komai? Je ku ƙera tsuntsu."

Ashe ya ɗauki maganar da gaske ta wata hanya. Wata safiya ina dama shayi sai na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga baya. A tsaya, a sake. Cokali ya faɗa cikin kofi. Na fita da gudu ba ko ɗankwali. Na ɗaga kai, ba tsuntsu. Sai na hango ƙafar mutum a kan tsani ta bayan katanga. Ubanki ne, ya ɓuya cikin ganye da 'yar guduma, yana dukan reshen, yana karkata kai yana kwaikwayon yadda abin yake yi. Ya gan ni ya ɗora yatsa a baki, idonsa jawur.

Na tsaya. Zagin ya zo mini har maƙogwaro na haɗiye. Na ce a raina, bari dai, ko Allah zai sa. Na koma ɗaki a hankali, na ɗauko sandar daga bayan ƙofa, na tsaya a kan kakanki. Idonsa a buɗe, yana saurare. Ya daɗe yana saurare. Na ga yatsun hannun nan suna ɗan motsi a kan zanen gado. Na ce, "Malam, ka ji? Ga sanda."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ki ce wa yaron nan ya sauko kada ya faɗo." Ya ɗan huta, ya ƙara da cewa, "Kuma ƙotar gudumarsa ta yi sako-sako. Ya gyara."

Ban fita na gaya masa ba. Na zauna a bakin gado da sandar a cinyata, na bar shi yana ta bugu a kan bishiya har rana ta yi zafi, har hannunsa ya gaji don kansa. Kakanki bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ubanki yana nan yana cewa niyyarsa mai kyau ce. Na sani. Wa ya ce ba mai kyau ba ce? Ki share idonki, ni ban ba ki labarin nan don ki yi mini kuka ba. In kin koma gida ki gaya masa duk abin da na faɗa, kada ki rage ko ɗaya, kuma ki ce masa har yanzu ban huce ba.